Yadda ake yin digirin injiniya a Ingila kana aiki ana biyan ka albashi

Tun 2015 Ingila ta buɗe hanyar samun digiri ta koyon aiki. Kamfani ne zai ɗauke ka a matsayin ɗan koyo, ya haɗa ka da jami'a, bayan shekara huɗu zuwa shida ka fito da digirin farko na injiniya, wato BEng, irin na kowa. Kuɗin makaranta, wanda ya kai fam 9,535 ga ɗaliban gida a zangon 2025/26, ko kwabo ba ka biya. Daga harajin da aka soma karɓa a Afrilun 2017 ake biya: duk kamfanin da albashin ma'aikatansa ya haura fam miliyan 3 a shekara yana zuba kashi 0.5 cikin ɗari. Iyalan Musulmi da ke gudun bashin karatu saboda kuɗin ruwa suna sa ido a kan wannan hanya sosai.

Fara duba ko ka cancanta. Dole kana da izinin aiki a Ingila, kuma a ƙa'ida ka shekara uku kana zaune a Birtaniya kafin ranar farawa. Bizar karatu ba ta ba ka wannan dama. Wanda ke Kano ko Damagaram, in wani ya ce zai samo masa gurbi a kan kuɗi, ya riƙe kuɗinsa.

Ba a jami'a ake nema ba, aiki ake nema. Manyan kamfanoni irin su Rolls-Royce, BAE Systems, Airbus, JLR da Network Rail sukan buɗe gurabe daga wajen Oktoba zuwa farkon sabuwar shekara, don a fara a Satumba, kuma wasu na rufewa da zarar takardu sun yi musu yawa. Za ka ga guraben a shafin gwamnati na gov.uk, da na UCAS (hukumar da ake neman gurbin jami'a ta hannunta), da shafin kowane kamfani. Kusan ko'ina ana son A-level (jarrabawar ƙarshen sakandare da ake shiga jami'a da ita) na lissafi, galibi da fiziks. Wasu na karɓar takardun karatun sana'a irin su BTEC ko T Level. Bayan cike fom akwai gwaji ta intanet, da hira ta bidiyo, sannan ranar da za a tara ku a ba ku aiki a rukuni ana kallon yadda kuke magana da juna. Masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, saboda haka ka cike fom ɗin shiga jami'a irin na sauran ɗalibai ta UCAS a lokaci guda, ko da ba ka sami gurbin ba.

In an ba ka, kada ɗoki ya sa ka sa hannu kafin ka yi tambaya. Shin ƙungiyar injiniyoyi, kamar IET ko IMechE ko ICE, ta amince da digirin? Digirin BEng da aka amince da shi yana cika sharaɗin karatu na IEng, wato rajistar zama ƙwararren injiniya. Mai son CEng, rajistar da ke sama da ita, sai ya ƙara karatu zuwa matakin digiri na biyu. Karatun rana ɗaya ne duk mako, ko kuwa za a riƙa tura ka jami'a na makonni a jere? Za a zagaya da kai sassa daban-daban, ko wuri ɗaya za a dasa ka? A nan ne kuma ya dace ka yi maganar sallar Juma'a, musamman in aikin na karɓa-karɓa ne.

Mafi ƙarancin albashin ɗan koyo da aka ƙayyade a Afrilun 2025 fam 7.55 ne a awa, manyan kamfanoni kuwa suna biyan abin da ya fi haka sosai. Sai dai ba ka da rancen abinci da haya da ake ba ɗalibai. Kuɗin ajiyar ɗaki da hayar watan farko za su zo kafin albashin farko, kuma masana'antu da yawa a bayan gari suke, inda bas ba ta zuwa da asuba.

Kai ma'aikaci ne kafin ka zama ɗalibi. Babu dogon hutun bazara. Kwana 20 ne mafi ƙarancin hutun shekara, ban da ranakun hutun ƙasa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na lokacin aikinka na karatu ne, kuma ana biyan ka shi, amma bai isa ba. Abin da ɗalibi ke koya a mako, kai a yini ɗaya za a ɗura maka, sauran sai dare da ƙarshen mako. Lissafin shekara ta farko da ta biyu shi ya fi kayar da mutane, domin darasin yau a kan na makon jiya yake hawa. Wanda ya bari mako uku suka wuce bai gane ba, kamo zaren ya yi wuya. Matsala ta biyu ita ce oga ya ce aiki ya taso, ka bar karatu yau. Sau ɗaya ba komai. In ya zama ɗabi'a, rubuta ranakun, ka kawo su a zaman da ake yi kusan duk wata uku tsakaninka da kamfani da jami'a. Haƙƙinka ne, yana cikin yarjejeniyar da kuka sa wa hannu.

Inda aka fi yin sakaci shi ne kundin shaidar aiki. Kowane fanni yana da jerin ilimi da ƙwarewa da ɗabi'un da dole ka nuna ka mallaka, da hujja. Ware minti 20 duk ranar ƙarshen mako ka rubuta, tun abin yana sabo a kai. «Mun gyara famfo» ba hujja ba ce. Hujja ita ce: na auna matsin ruwa kafin matatar ruwan da bayanta, na ga bambancin ya wuce abin da takardar na'urar ta yarda, na ba da shawarar a sauya matatar, ga hoton ma'aunin, ga sa hannun injiniyan da ya duba. Ka ce «na yi», ba «mun yi» ba, domin kai ake aunawa. In kamfanin na harkar tsaro ne, nemi izini da wuri kan zane da hotunan da za ka iya sawa. Duk bayan wata shida ka bi jerin ka ga gurbin da babu komai. Galibi lissafin kuɗin aiki ne, ko tantance haɗari, ko jagorantar wasu. Ka roƙi a tura ka sashen da za ka same su tun da sauran lokaci.

A ƙarshe akwai gwajin kammalawa da suke kira EPA: rahoton wani aiki na gaske da ka yi wa kamfani, gabatar da shi, da tattaunawa da masu tantancewa a kan kundinka. A wasu fannoni yana cikin digirin, a wasu kuma daban yake zuwa bayan an gama jami'a, kuma nan ne wasu ke karɓar digiri su watsar da sauran, su rasa takardar koyon aikin. Zaɓi aikin rahoton da bayanansa ke hannunka, wanda ba zai tsaya jiran wani sashe ya sayo kaya ba.

In kamfani ya rage ma'aikata ya haɗa da kai, gwamnati za ta biya ragowar karatun idan ka kammala kashi 75 cikin ɗari na lokacin koyon ko saura ƙasa da wata shida. In ba haka ba, mako 12 za a ci gaba da biyan kuɗin karatun kana neman wani kamfanin. In kai ka ajiye aikin, ba a yarda kamfani ya ce ka mayar da kuɗin karatun ba, amma gurbinka na jami'a a kan aikin yake rataye, don haka sami sabon wuri kafin ka miƙa takarda.