Haihuwar Fari: Aikin da Ke Kan Maigida Daga Wata na Bakwai Zuwa Arba'in

A al'adarmu haihuwa sha'anin mata ce, musamman ta fari, inda kunya kan sa ango ya ja gefe ya bar wa iyaye komai. Kunya abu ne mai kyau, amma akwai abubuwa huɗu da ba wanda zai tanada sai kai: kuɗi, abin hawa, jini, da sa hannu idan likita ya ce sai an yi aiki. Yawancin matan da ake rasawa wajen haihuwa jinkiri ne ke cin su: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko kusan duk a hannunka suke.

Kafin ranar

Ciki yakan kai mako 40 idan aka ƙirga daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, amma daga mako na 37 haihuwa na iya zuwa kowane lokaci. Saboda haka shirinka ya kammala tun cikin wata na takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar awo sau takwas. Ka raka ta ko sau ɗaya, ka karɓi katin ka duba abu uku: awon hawan jini, yawan jinin jikinta, da rukunin jininta. Idan rukunin nata mai alamar ragi ne kai kuma naka mai alamar ƙari, ka tambayi likita game da allurar da ake yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa, domin ita ke kare cikin da zai biyo baya.

Ka nemi mutum biyu cikin 'yan'uwa ko abokai da suka yarda su ba da jini, a gwada su tun yanzu, ka riƙe lambobinsu. Neman ledar jini da ƙarfe biyun dare, mace na zubar da jini, ba abin da za a so wa kowa ba ne. Haka ma mota: ka yi magana da direba ko mai a-daidaita-sahu na unguwa wanda zai ɗaga waya cikin dare, ka kuma samu na biyu. Kuɗin haihuwa ka ware shi daban da na ragon suna, ka lissafa shi a kan cewa za a iya yin aiki ko da ba a fata.

Idan za ta tafi gidan iyayenta haihuwa, kamar yadda aka saba a cikin fari, to shirin ya bi ta can. Ka zauna da surukanka cikin ladabi ku daidaita asibitin da za a je, ka kuma faɗa musu ƙarara cewa ka ba da izini a fita da ita ko ba ka nan, a kuma sa hannu a madadinka. Mata da yawa sun sha wuya ana jiran maigida ya dawo daga tafiya.

Jaka ta zauna a shirye: katin awo, zannuwa kamar huɗu, audugar mata ta masu jego, sabulu, kayan jariri masu laushi, hula, safa, shawul, tocila da cajar waya. Asibitoci kan ba da jerin abin da suke so a zo da shi, ka karɓa tun wajen awo.

Idan naƙuda ta fara

Mai cikin fari takan ɓoye ciwo saboda kunya, har ta kwana tana murƙususu ba ta gaya wa kowa ba. Ka sa ido. Naƙudar gaske ciwo ne da ke tasowa daga baya zuwa mara, yana zuwa yana tafiya a kan tsari, yana ƙara ƙarfi, kuma kwanciya ba ta kwantar da shi. Ka duba agogo: idan yana zuwa duk bayan minti 5, yana ɗaukar kusan minti ɗaya, kuma an yi awa guda a haka, ku tafi. Idan asibitin da nisa, kada ka jira ya kai haka.

Akwai alamun da ba a duba musu agogo. Idan faya ta fashe, ku tafi ko babu ciwo, kuma idan ruwan kore ne ko ruwan ƙasa, ka gaya wa ungozoma da zarar kun isa, domin alama ce jariri ya yi kashi a ciki, wataƙila ya galabaita. Haka zubar jini, zazzaɓi, raguwar motsin jariri, ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi ko kumburin fuska da hannaye. Wannan na ƙarshe shi ke gabatar jijjiga, wadda hawan jini ke kawowa, ba iska ba. Idan ta fara jijjiga, a kwantar da ita a gefenta, kada a cusa mata cokali ko wani abu a baki, a ɗauke ta nan take.

Abu huɗu ka tsaya tsayin daka a kansu, ko wa ya kawo shawarar. Kada a yi mata allurar naƙuda a gida ko a kemis, domin tana iya fasa mahaifa. Kada a ɗura mata jiƙo don a hanzarta haihuwa. Kada a yi yankan gishiri. Kuma kada naƙuda mai ƙarfi ta wuce awa 12 a gida: kan jariri da ya daɗe a makale yana danne mafitsara har naman ya mutu, daga nan yoyon fitsari ke samuwa.

A asibiti za ka ji ana cewa ta buɗe santimita huɗu ko shida. Bakin mahaifa ake nufi, kuma sai ya kai 10 ake cewa ta yi nishi. A haihuwar fari wannan kan ɗauki awanni masu yawa, don haka daɗewa kaɗai ba matsala ba ce muddin ana duba ta. Yawancin asibitocin gwamnati ba sa barin maza shiga ɗakin haihuwa saboda akwai wasu matan. Ka zauna kusa da ƙofa, waya a kunne, kuɗi a aljihu. Idan aka ce sai an yi aiki, ka tambayi dalili a taƙaice, ka sa hannu. Wannan ba lokacin zagaya dangi da neman shawara ba ne.

Awa 24 na farko

Barka ta fi daɗi idan an tabbatar uwa lafiya. Haɗarin da ya fi girma a wannan rana zubar jini ne. Idan tana jiƙa auduga sharkaf cikin awa ɗaya, ko gudaji na fita, ko tana jiri da zufa mai sanyi, ka kira nas da ƙarfi. Kada ka matsa a sallame ku da wuri; a bar ta ta cika awa 24 ana lura da ita.

Jariri kuwa a goge shi, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su, a sa masa nono cikin awa ta farko. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da rawaya, kada a matse shi a zubar. Shi ne kariyarsa ta farko daga cuta, kuma ɗan kaɗan ɗin ya ishe shi. Wanka a jinkirta shi zuwa washegari don kada sanyi ya kama shi. Ka yi masa kiran salla a kunne. Idan za a yi tahniki, a shafa ɗan taushin dabino da hannu mai tsabta, amma ban da zuma, domin tana da haɗari ga yaron da bai shekara ba. Kafin ku bar asibiti ka tabbatar an yi masa rigakafi uku: na tarin fuka, ɗigon shan inna, da na ciwon hanta. Na gaba a mako na 6, na 10 da na 14.

A gida, kafin suna da bayansa

Cibiya ita ce ƙofar cuta. A shafa mata man chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti, da hannu wankakke, a bar ta ta faɗi da kanta, yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu. Toka, man goge baki ko gashi da tsumma mai zafi suna iya jawo ruɓewa da cutar tetanus mai sandarar da jariri. Ka cire kafur daga cikin kayansa, domin yana fasa jinin wasu jarirai ya haifar da shawara. Kullum ka duba idonsa da hasken rana: idan ya yi rawaya a ranar farko, ko rawayar ta sauka har tafin hannu da ƙafa, asibiti za a kai shi a sa shi a ƙarƙashin fitila ta musamman. Shanya shi a hantsi ba ya magani, kuma shawarar da aka bari tana taɓa ƙwaƙwalwa.

Jariri mai ƙoshi yana shan nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, yana jiƙa kunzugu kamar sau shida daga kwana na biyar. Nono zalla har wata shida, ba ruwa ko a lokacin zafi. Ƙin kama nono, zafin jiki ko sanyinsa, numfashi sama da 60 a minti, faɗawar ƙirji, ko jijjiga, duk na gaggawa ne ko da tsakar dare.

Wankan jego yana buƙatar magana ta hikima da iyaye mata. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. Ruwa mai ɗumi ya wadatar, kunu kuma a yi shi ba kanwa, musamman ga wadda ta yi hawan jini. Ka wadata ta da nama, ƙwai, wake da ganye. Idan ta fara haki, tari in ta kwanta, ko kumburin ƙafa, a kai ta likita. Kuka da ƙuncin rai a kwanakin farko ba baƙon abu ba ne, amma idan ya wuce mako biyu, ko ta daina kula da jaririn, ciwo ne da ake magani, ba raki ba.

Ranar suna ka tsaya a kan wanzami da kanka. Aski da sabuwar reza kawai. Ban da cire beli, ban da tsaga, ban da taɓa gaban 'ya mace, wanda dokar Najeriya ta 2015 ta haramta. 'Yan barka su wanke hannu kafin ɗaukar jariri, mai mura kuma ya gaishe shi daga nesa.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana da hutun kwana 14 idan matarsa ta haihu, ka nema. Cikin waɗannan kwanaki ka yi wa yaron rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ka karɓi takardar haihuwa, ka ɗaura musu gidan sauro, ka kuma riƙa karɓarsa da dare bayan ya sha nono don uwar ta samu barci. A mayar da su asibiti a kwana na uku, a mako na biyu, sannan a mako na shida. A zuwan ƙarshen nan ku tambayi likita hanyar ba da tazara, domin jikinta na buƙatar kimanin shekara biyu kafin wani cikin, kuma mace na iya ɗaukar ciki tun kafin al'adarta ta dawo.