Yadda Ake Gyara wa Barewa Mazauni a Ƙaramin Filin Farauta

A Amurka, inda mutum kan mallaki dajinsa na farauta, barewa mai farar wutsiya takan yi yawo a fili mai faɗin ɗaruruwan eka, kuma namiji yakan zarce haka a lokacin barbara cikin watan Nuwamba. Mai eka 30 ko 40 ba zai iya tsare ta a filinsa ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya sa ta zaɓi wurinsa ta yini a ciki, tun da yake da rana doka ta yarda a yi farauta.

Mafaka ce farkon aiki, kuma ita ce aka fi sakaci da ita. Dajin da manyan itatuwa suka rufe samansa yana da kyan gani, amma idan ka tsuguna ka hango nesa ta tsakanin kututture, to babu abinci kuma babu maɓoya, domin barewa ba ta cin abin da ya wuce kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Ka sare itatuwan da ba su da amfani don hasken rana ya sauka, tsirrai da ƙayoyi su taso, amma ka bar itatuwan oak saboda 'ya'yansu da take kalata da kaka. Ƙananan itatuwa kuwa ana iya yi musu saran rabi daidai ƙugu, a kwantar da su ba tare da an raba su da gindinsu ba, sai su ci gaba da toho, ganye ya zo daidai bakinta, rassan kuma su zama makwanci. Aiki ne mai haɗari, kada a gwada shi a kan babban itace.

Gonar kiwo tana zuwa daga baya, kuma rabin eka na ciyawar kuloba kusa da makwanci ya wadatar. A fara gwada ƙasa. Idan ma'aunin tsamin ƙasa na pH ya nuna ƙasa da 6, wato tsami ya yi yawa, a zuba farar ƙasa kafin taki. Doguwar ciyawa kuma kada a yanke ta a Mayu da Yuni, lokacin da jariran barewa ke kwance a cikin ciyawar. Zuba hatsi a tsibi haramun ne a jihohi da dama saboda CWD, cutar ramewa da ke yaɗuwa tsakanin bareyi, don haka a duba dokar jiha tukuna.

A ganina, abin da ya fi duk wannan tasiri shi ne ka ware wani sashe ka haramta wa kanka shiga, sai dai bin dabbar da aka harba. Ka shimfiɗa hanyar zuwa maɓoyar da kake fakon barewa ta gefen iyaka, ka shiga kawai ranar da iska ke ɗauke warin jikinka zuwa waje, domin barewar da ta shaƙi warin mutum a makwancinta sau da yawa takan koma fitowa da dare.