Darasi na 7: In tsohon obin ya ƙi yin zafi

Iyayena mata da 'yan uwa, darasin yau a kan tsohon obin ne, irin ƙananan nan na gwanjo da ake samu a kasuwar Sabon Gari, masu kek da mitfai da yawa da shi suke neman na cefane. Wasu daga cikinsu an ciro su ne daga karaban, wato ɗakin nan mai taya da Turawa ke ɗaurawa a bayan mota su tafi hutu, a ciki suke kwana a ciki suke girki. To irin wannan sai an lura sosai, don ba duka ba ne aka yi su domin wutar gida.

Kafin komai a juya bayan obin a karanta ɗan ƙarfen da aka liƙa mai rubutu, ai amfanin karatun da muke yi ke nan. In kin ga 220V ko 230V ko 240V to ya dace da wutar Najeriya. In 120V ne wannan na Amurka ne, sai da ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfin wuta. In kuwa 12V aka rubuta, to galibi obin gas ne, wayar da ke jikinsa ta kyasta wuta ce kawai daga batirin mota, kada a kuskura a sa mata filogi a cusa a soket, nan take za ta ƙone kuma ga haɗarin gas a kusa. Wallahi wannan ya fi damuna a duk darasin, don sau da yawa mai sayarwa ma bai sani ba.

Sai a zare filogi daga bango gaba ɗaya, kashe makunni kaɗai bai isa ba, hannu a bushe, a sa silifas na roba.

Yanzu bincike daga bango ake farawa, ba daga cikin obin ba. Jona fanka ko cajar waya a wannan soket ɗin ki gani ko yana aiki. In yana aiki a duba ƙarfin wutar, domin in ta zo da rauni kamar 160 maimakon 230 zafin obin yakan ragu kusan rabi, kek ya ƙi tashi ki yi ta zargin obin alhali lafiyarsa ƙalau. Haka ƙaramin janareta, wanda bai kai wat 1000 ba ba zai ɗauki obin mai wat 1000 ba, sai dai ya yi ta nishi ya mutu. Ekstenshan mai siririyar waya shi ma a raba shi da obin, zafi yake yi har ya narke.

Daga nan a kwance filogi da sukundireba. Irin mai ƙafa uku akwai fis a ciki, na obin yawanci mai lamba 13A ne. In ya ƙone a sayo sabo mai lamba iri ɗaya da tsohon, kuɗinsa bai kai na fulawar kek ɗaya ba. Don Allah kada a naɗa waya ko takardar sigari a wurinsa, fis mai gadi ne, shi yake mutuwa don kada gida ya kama. In an sa sabo ya sake ƙonewa nan take, akwai wayoyin da ke haɗuwa a ciki, a tsaya haka nan. A duba launin wayoyi kuma: ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce nutural mai mayar da wuta, kore da rawaya ita ce at mai kai wuta ƙasa. Tsofaffin kayan Ingila kuwa ja ce mai wuta, baƙa nutural, koriya at. A bi wayar da hannu tun daga filogi har jikin obin, ɓera yana son ta, kuma tsohuwar roba bushewa take ta tsattsage musamman inda take shiga ƙarfe.

In kin sake jona obin fitilarsa ta kama amma babu zafi, zargi ya koma kan elemen, wato lanƙwasasshen ƙarfen nan da ke yin ja. Wani lokaci da ido ma za ki ga ya kumbura ko ya tsage. Mai mitar gwajin kayan wuta zai zare filogi ya cire waya ɗaya ta elemen ya auna, elemen mai wat 1000 yakan nuna kusan om 50, om shi ne ma'aunin yadda ƙarfe ke tare wuta, in mita ba ta motsa ba ya yanke sai sabo. In kuma zafin ya ƙi tsayawa, komai kika sa ya ƙone ko kin rage maɓalli, to tamostat ne ya lalace, shi ne mai kashewa da kunnawa, da kunne ma ana jin ƙas ɗinsa in yana da lafiya.

Amma ranar da kika taɓa jikin obin kika ji ya ɗan ja ki, ko kika ji warin roba, nan iyakarki. Zare shi, ɗaga shi inda yara ba za su kai ba, a kai wa mai gyaran wuta a ce ya duba at da elemen.

Aikin gida: kowa ya kwafo rubutun bayan obin ko ayan ko hita na gidansu a littafi, mako mai zuwa mu karanta tare a allo.