Yadda Ake Cire Gyaɗa a Busar da Ita Kafin Hunhuna Ta Kama Ta

Daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba manomin gyaɗa a ƙasar Daura ba ya samun barci mai nauyi. Gyaɗa ta nuna, amma damina ba ta gama sallama ba. Da rana zafi kamar bazara, da yamma sai ka ga hadari ya haɗo daga gabas, da asuba kuma raɓa ta jiƙa komai sharkaf. Zafi da laima in suka haɗu, abin da hunhuna ke so ke nan, wadda wasu ke kira fumfuna. A 'yan kwanakin nan ne mutum ke asarar wahalar wata uku.

Na taɓa gani a gonarmu. Mun tuge gyaɗa muka tara ta tsibi guda a gindin gawo, da niyyar washegari a shanya. Da dare ruwa ya sauko, rasuwa kuma ta tashe mu zuwa wani ƙauye, sai bayan kwana uku muka koma. Da na cusa hannu cikin tsibin sai na ji ɗumi kamar an rufe tukunyar tuwo. Harawar tsakiya ta yi baƙi ta yi yauƙi, kwanson gyaɗar kuma ya yi wata ƙura mai launin kore-kore da rawaya. Baba ya ɓare ƙwaya ɗaya ya shinshina, ya ce, "Wannan ko akuya kada a ba." A lokacin na ɗauka ɗacinta kawai yake gudu. Daga baya na fahimci abin ya wuce ɗaci.

Wannan hunhuna mai kore-kore, wadda masana ke kira Aspergillus flavus, tana fitar da wata guba da ake kira afulatoksin. Gubar ba ta da launi, ba lallai ta yi wari ba, kuma suya ko dafuwa ba sa kashe ta. Hanta take ci a hankali, har ta kai ga sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta na hepatayitis B, wanda ba baƙo ba ne a wurinmu. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil. A 2004 kuma mutum 125 suka rasu a Kenya saboda cin masarar da ta kamu. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan ba don kyan gyaɗa a kasuwa kaɗai ba ne, don cikin yaranmu ne da ke cin ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa kullum.

Da farko, ka tabbatar ta nuna

Kada ka dogara da ganye. Ganyen gyaɗa na iya yin rawaya ya zube saboda cutar ɗigon ganye alhali 'ya'yan ba su ƙosa ba, wani irin kuma ganyensa na nan kore shar bayan ya nuna. Ka zagaya gona ka tuge tushe biyar ko shida daga wurare daban-daban, har da tudu da kwari, ka tsinke 'ya'yan duka ka ɓare. Cikin kwanso za ka duba. Wadda ta nuna, cikin ɓawonta ya yi duhu, da zane-zane ruwan ƙasa ko baƙi, ƙwayar ta cika gidanta, fatarta ta yi launin irin. Wadda ba ta nuna ba cikin ɓawon fari ne fat, da laushi kamar auduga. In bakwai ko takwas cikin goma sun yi duhu, lokaci ya yi.

Lissafin kwanaki ma yana taimakawa. 'Yar Dakar da Samnut 24, wadda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar, suna nuna a wajen kwana 90 ko ƙasa da haka kaɗan. Irin masu daɗewa kuwa sai sun haura kwana 110. Ka riƙe ranar da ka yi shuka.

Kuskure biyu ake yi a nan. Mai gaggawa ya cire ɗanya, ta ƙi bushewa da wuri, ta yamutse, ba nauyi ba mai. Mai jinkiri kuma ya bar ta a ƙasa, gara ta huda kwanso, igiyar da ke riƙe da 'ya'ya ta ruɓe, rabin amfanin ya zauna a ƙasa sai masu roro. 'Yar Dakar ma ba ta jira: in ta nuna ruwa ya sauka a kanta, a cikin ƙasa za ta fara tsiro. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. In ruwa ya ɗauke da wuri gyaɗa ta sha fari a makonninta na ƙarshe, ƙasa ta yi zafi, kwanso kan tsage, hunhunar kuma a cikin ƙasa take zaune, nan take ta samu ƙofa. Don haka shekarar fari ma ba ta tsira ba. In ka ga wani ɓangaren gona ya bushe a tsaye tun kafin lokaci, ka cire shi daban, ka shanya shi daban, kada ka haɗa da sauran.

Cira

Ka zaɓi ranar da sama ta washe, ka saurari hasashen hukumar kula da yanayi ta NiMet a rediyo in kana samu, ka haɗa da naka idon. Ƙasa mai ɗan danshi ta fi daɗin cira, a jigawa irin tamu hannu ma ya isa. In ƙasa ta yi tauri sai an sa fartanya ko garmar shanu, a nan a yi hattara, a shiga ƙarƙashin 'ya'yan sosai. Duk kwanson da ƙarfe ya sara ya zama na hunhuna. A karkaɗe ƙasar jikin saiwa tun a wurin, don ƙasar da ta manne tana riƙe laima.

Kuma kada ka cire fiye da abin da za ka iya shanyawa a ranar. Gara ka yi kwana huɗu kana cira kaɗan-kaɗan da ka tuge gona duka rana ɗaya ka rasa inda za ka sa ta.

Shanyar farko, a gona

Nan ne aikin yake. Gyaɗar da aka cire yanzu kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinta ruwa ne, wani lokaci ya fi haka, ana so a sauko da shi zuwa kashi 7 ko 8 a ƙwaya. Kwana biyu zuwa uku na farko su ne masu haɗari.

Ka kifa ta. Wato ganye a ƙasa, 'ya'ya a sama suna kallon rana, a jere bisa kunya, tushe ɗaya kusa da ɗaya ba a kan juna ba. Ta haka iska na ratsa 'ya'yan, ba sa taɓa ƙasa mai danshi, in ma an yi yayyafi ruwan zai zurare ta cikin ganye, rana na fitowa su tsane. Yawancinmu mun saba zubar da ita yadda ta faɗi, 'ya'ya a ƙasa ganye a sama, don kada harawa ta ƙone ko tsuntsaye su ci. Na san harawa kuɗi ce, wani lokaci a ƙarshen rani ita ke fitar da mutum kunya. Amma kifawar ba ta ɓata harawa, hasali ma inuwar da take samu a ƙasa takan bar ta da korenta in ba a daɗe ba.

In hadari ya ƙi ƙarewa, ka yi mata gado. Ka kafa itace uku ka ɗaure kansu, ka gicciya wasu a tsakiya kamar taki ɗaya daga ƙasa, ka jera gyaɗar a kai, a wannan karon 'ya'ya na kallon ciki ganye na waje, ka bar tsakiyar fayau da ƙofa a ƙasa don iska ta shiga ta fita ta sama. Ganyen ya zama jinka. Ka ɗora ɗan bunu a ƙololuwa. Aiki ne, amma wanda ya yi sau ɗaya a shekarar da ruwa ya zarce ba zai bari ba.

Abin da ba a yi shi ne tsibi. Kada a tara ɗanyar gyaɗa wuri guda, kada kuma a lulluɓe ta da leda a bar ta ta kwana biyu. Leda na hana ruwan sama shiga, tana kuma hana gumin gyaɗar fita. In dole ta sa ka rufe saboda ruwa na zuwa, ana ɗaukewa ka yaye.

Bayan kwana uku zuwa biyar na rana mai kyau, ganye ya yi yaushi ya bushe, sai a tsinke.

Tsinka da shanya ta biyu

A tsinke da hannu a kan tamfol ko tabarma. Bugun gyaɗa da sanda ko buga ta a jikin turmi yana da sauri, amma yana fasa kwanso. In da injin za a yi, a duba abin da ke fitowa a farko, in fasassu sun yi yawa a sa mai injin ya gyara.

Samfarerar da aka tsinke, wato gyaɗa mai kwanso, ba a zuba ta a ƙasa tsirara, ba a kuma shanya ta a gefen kwalta. A shimfiɗa tamfol, ko a share daɓe ko rufin soro, a baza ta da kauri kamar yatsu uku, a riƙa motsa ta da hannu ko da ƙafa sau uku ko huɗu a yini. Da la'asar sakaliya, kafin raɓa ta fara sauka, a kwashe a kai rumfa ko zaure, a baza ta ko a bar bakin buhu a buɗe. Wannan kwashewar ita ce mutane ke ƙyuya, ita ce kuma ke raba mai kyau da marar kyau. Raɓar Oktoba na iya mayar wa gyaɗa wani ɓangare na ruwan da rana ta cire mata. Da safe kuma kada a fitar sai rana ta ɗaga ƙasa ta tsane.

Kwana biyar zuwa bakwai yawanci sun isa, amma gyaɗar ce za ta gaya maka. Ɗebi cikin hannu ka girgiza kusa da kunne: busasshiya tana ƙara kacau-kacau. Ɓare ka murza ƙwayar tsakanin yatsu, fatar ta saɓule cikin sauƙi. Ka ciza: ta ce ƙas ta rabe biyu. In haƙori ya nutse kamar a ɗanyen rogo, da saura. Ka gwada daga wurare da yawa, musamman manyan 'ya'ya, don su ne ke riƙe ruwa. Wadda za a ajiye don iri kada a bar ta a kan siminti mai zafi da tsakar rana, zafi mai yawa na rage mata ƙarfin tsiro.

Tsinta

Kafin a zuba a buhu a zauna a tsince. A fitar da fasassu, da waɗanda gara ta ci, da masu baƙi ko ƙurar kore, da ƙananan da ba su cika ba, da waɗanda suka fara tsiro. Sheƙe da faifai na fitar da marasa nauyi. Gubar ba ta bazuwa daidai cikin buhu, a cikin 'yan ƙwayoyi kaɗan take taruwa da yawa, shi ya sa tsinta ke rage ta sosai.

Ga inda zuciyata ta fi tsayawa. Wannan marar kyau da aka fitar, ina take zuwa? Mun sani. Ana sayar da ita da araha ga masu ƙuli, ko a bar wa matan gida su yi mai da tunkuza, ko a ba yara su soya. Mai kyau ta tafi kasuwar Mai'aduwa, mai guba ta zauna a gida. Na taɓa ce wa gwaggona, wadda sana'arta ke nan tun ina yaro, ta daina sayen irin wannan. Ta ce, "Ɗan nan, ai wuta na cinye komai." Na ce, "Gwaggo, wannan wuta ba ta cin ta. Kuma in an matse mai, yawancin gubar a tunkuza take zama, ita ce kuma ƙulin." Ta yi shiru, ta ci gaba da tuƙi. Ba ranar ta bari ba, amma ta bari. Dabbobi ma ba mafita ba ne: kaji na mutuwa ko su daina ƙwai, saniyar da ta ci kuma gubar na fitowa a nononta. Wadda hunhuna ta bayyana a jikinta a ƙone ta ko a binne ta da zurfi nesa da gona.

Ajiya

A ajiye ta samfarera, kwanso rigarta ce. A ɓare gwargwadon buƙata. Kada a zuba ta a buhu da zafin rana a jikinta, a bari ta huce a inuwa, in ba haka ba za ta yi gumi a ciki. Buhun algarara ya fi, don yana numfashi. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ajiye wake yana hana ƙwari, amma sai gyaɗar ta bushe ƙayau, in da sauran danshi ka rufe ta a ciki ka gama da ita. A jera buhuna a kan katako ko itace, kada su taɓa ƙasa, a bar tazara tsakaninsu da bango, a duba rufi ko yana yoyo. Sabuwa daban, ta bara daban. A makonnin farko, kafin iskar hunturu ta kankama, ka riƙa cusa hannu cikin buhu duk bayan 'yan kwanaki. Ka ji ɗumi ko warin gumi, ka zazzage ka sake shanyawa a ranar.

Sai wata ɗabi'a da ya kamata a bari: yayyafa wa samfarera ruwa don ta yi saurin ɓaruwa, ko don tsaba ta yi nauyi a sikeli. Wanda ya yi haka ya mayar da aikin mako biyu baya cikin dare ɗaya.

Ga mai shirin baɗi kuma, akwai Aflasafe, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar. Ƙwayoyin dawa ne masu launin shuɗi da aka shafa wa irin hunhunar da ba ta fitar da guba, ita ce ke rigan mai gubar kama wuri. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, makonni biyu zuwa uku kafin gyaɗa ta yi fure, a ranar da ƙasa ke da danshi, kuma bayan an gama noma don kada a binne shi. Ka tambayi malamin gona na KTARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Katsina, a yankinku tun kafin ruwan shuka ya sauka, don ba a kowane shagon maganin gona ake samun sa ba.