Mai bindiga a Texas: inda za ka ajiye ta kafin ka shiga asibiti

'Yan'uwanmu da ke Houston da Dallas, musamman masu tsaron shago a gidajen mai da masu aikin dare, da yawa sun mallaki ƙaramar bindiga. Tambayar da ake yawan yi mini ita ce: idan uwargida ta fara naƙuda, ko za a kai Hajiya ganin likita, yaya za a yi da abin da ke ƙugu? Ni dai tawa ba ta taka asibiti, kuma tun daga gida nake yanke wannan shawara.

Tun 1 ga Satumba 2021 dokar Texas ta ba wanda ya kai shekara 21 damar yawo da bindiga ba tare da lasisi ba, sai wasu suka ɗauka ko'ina ma an buɗe. Ba haka ba ne. Sashe na 46.03 na dokar laifuffuka ya sa asibiti da gidan kula da tsofaffi cikin wuraren da aka haramta, sai in hukumar wurin ta ba ka izini a rubuce, kuma hukuncin na iya kai ɗaurin shekara ɗaya da tarar dala 4,000. Mai katin zama wanda bai zama ɗan ƙasa ba, tasa ta fi muni, domin laifin bindiga yana cikin abubuwan da ake korar mutum daga Amurka a kansu.

Koyi karanta allunan bakin ƙofa. Mai lamba 30.06 yana hana mai lasisi shiga da bindiga a ɓoye, 30.07 yana hana shiga da ita a bayyane, 30.05 kuma na marasa lasisi ne. Za ka gan su da Turanci da Sifaniyanci, harafin ya kai inci ɗaya. Akwai masu gardamar cewa in allon bai cika ƙa'ida ba to bai hau kansu ba. Wannan magana ce ta lauya a kotu, ba ta mutumin da ke tura keken mahaifiyarsa ba. Da zarar mai gadi ya ce maka da baki ka fita da ita, ka fita, ba musu.

In ka san da zuwa asibitin tun da wuri, bar ta a gida cikin akwatin ƙarfe mai makulli, harsasai a waje daban, inda yara ba za su kai ba. In kuwa kiran ya same ka a hanya, motarka ce ma'aji. Ina da ƙaramin akwati mai igiyar ƙarfe da na ɗaure a ƙafar kujerar direba. Nakan tsaya can nesa kafin na shiga garejin asibitin, na zare bindigar tare da kubenta gaba ɗaya, ba na fitar da ita daga ciki, ba na taɓa kunama, na rufe, na tura ƙarƙashin kujera. Kada ka yi wannan a gareji mutane na wucewa, kada kuma ka jefa ta a aljihun gaban mota, nan ɓarawo ke fara dubawa. Masu liƙa tambarin kamfanin bindiga a gilashin baya kuwa, talla suke yi wa ɓarayi kyauta.

Asibitin tsofaffin sojoji, irin na DeBakey da ke Houston, ƙasar gwamnatin tarayya ce. Can ko a cikin mota a wurin ajiye motoci ba a yarda ba, lasisin Texas bai tsinana maka komai.

Masu cewa "ai ba wanda zai gani" su tuna cewa asibiti wuri ne na tuɓe riga. Ka zo rakiya, jiri ya kwashe ka, nas ta ɗaga rigarka. Ga kuma ɗakin MRI, injin ɗaukar hoton cikin jiki, inda maganaɗisunsa ke kunne dare da rana. A farkon 2023 wani lauya a Sao Paulo ta Brazil ya raka mahaifiyarsa ɗakin da bindiga a ƙugu, injin ya fizge bindigar, ta tashi ta same shi a ciki, ya rasu bayan makonni. Na'urorin binciken ƙarfe ma sun ƙaru a ƙofofin gaggawa tun bayan harbe-harben da aka yi a asibitocin Tulsa da Dallas a 2022, kuma ban ga laifin ma'aikatan ba.

In haɗari ne aka ɗauko ka a motar asibiti da ita a jikinka, hannuwanka su tsaya inda ake ganinsu. Faɗa wa ma'aikacin, "Ina ɗauke da bindiga a ƙugun dama, akwai harsashi a ciki," ka bar ɗan sanda ko mai gadi ya cire. Nemi takardar shaidar karɓa da sunan ofishin da zai riƙe ta, ka ba wa wanda ya rako ka ya adana, don da ita da katin shaida za ka je karɓa bayan an sallame ka.