Kada ka yi saurin jona ta: kurakuran masu tada tsohuwar talabijin

Talabijin ɗin gidanmu baƙi-da-fari ce, mai akwatin katako da ƙofofi biyu da ake zugewa. Ta fi shekara 20 a ɗakin shirgi. Ranar da na fito da ita, ko ƙura ban kakkaɓe ba na soka fulogi a soket. Sai ji na yi fus! Hayaki ya turnuƙe, ga warin ƙonanniyar roba. Da hannuna na ƙarasa ta.

Wannan kuskure ya fi kowanne yawa. Manyan kafasitocin da ke ciki, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, suna da ruwan sinadari, dogon zama kuwa yana busar da shi. In wuta ta afka musu gaba ɗaya sai su fashe, wani lokaci su tafi da tiransifoma, wadda samun irinta yanzu sai an tona. Fara buɗe bayan, ka share ƙurar da burushi mai laushi, ka duba wayar da ɓera ya ci da kafasitar da ta kumbura. Sannan ka nemo kwan lantarki irin na da, mai zare, wat 100, ka haɗa shi a kan waya ɗaya tsakanin soket da talabijin, yadda wutar sai ta bi ta cikinsa. In ya haska ya dushe, da sauƙi. In ya tsaya tar, wani abu ya haɗe a ciki, maza ka kashe. Kwan zamani ba ya wannan aikin. Masu naɗa waya ko takardar sigari a gurbin fis ɗin da ya ƙone kuwa, gobara suke nema.

Na biyu ya fi haɗari, don wannan rai ne. Kwalbar talabijin mai kala, wato babban gilashin da hoto ke fitowa a fuskarsa, tana aiki da bolt wajen 25,000, kuma tana riƙe caji kwanaki bayan an zare fulogi. Ka ga wata roba mai kama da faifai manne a jikin kwalbar, da jar waya mai kauri? Kada hannunka ya je nan. Wasu tsofaffin ma, ƙarfen da aka ɗora kayan cikinsu a kai yana ɗauke da wutar soket kai tsaye. In ba a koya maka sauke caji ba, kai wa tsohon mai gyaran rediyo, ka zauna ka kalla. Wajen ɗauka kuma a kula da siririn wuyan kwalbar: babu iska a cikinta, da ya tsage shi ke nan.

Akwai kuma masu saye ido rufe. Wadda aka ƙera don Amurka bolt 120 take sha, namu kuwa 230 ne. Tsarin hotonta NTSC ne, na Najeriya PAL, na Nijar SECAM. In tsari bai zo ɗaya ba, kalar ta tafi, ko hoton ya yi ta birgima. Tsofaffin na Ingila masu tsarin hoto mai layi 405, tun 1985 aka daina watsa musu shiri. In dillali ya rantse maka cewa wannan mai kalar tun zamanin Sardauna ake kallonta, yi murmushi kawai: talabijin ta fara a Kaduna a 1962, shirye-shirye masu kala kuwa sai tsakiyar shekarun 1970, daga Jos.

Da yawa an sayar wa 'yan gwangwan da lafiyarsu lau, wai don ba sa nuna komai sai yayyafi. Ramin eriya kaɗai gare su, dikoda ba ta shiga. Ƙaramin akwatin da ke mayar da hoton dikoda ya bi ta ramin eriya shi ne maganin.

Marin talabijin in hoto ya ɗauke, duk mun yi. Dalma ce ta tsage, a sake narka ta. Dabbare-dabbaren kala a kusurwa kuma yawanci maganaɗisun lasifika ne, matsar da ita nesa. Kuma don Allah a bar murɗa ƙananan sukurorin ciki da sukundireba. A masana'anta aka saita su, wasu ma da ka matsa suke rugurgujewa.

Akwatin katakon fa, kada a shafe shi da fenti. Tsumma da ɗan man katako sun isa. Namu yana nan a falo, kwalbar lafiya, har yau ina cigiyar tiransifoma.