Ka sa wa kayanka suna? Ga yadda zaka kare shi kafin wani ya riga ka

Toh jama'a wannan na masu ɗan injin casa ne da masu matsar man gyaɗa da iyayenmu mata masu haɗa yaji da garin kunu suna ƙullawa a leda, tun daga Kura da Bunkure har Haɗeja da Gumel. Muddin ka fara buga suna a jikin buhu ko jarka to sunan nan ya zama dukiya, kuma akwai lauyoyin da aikinsu kenan, basa yawon shari'ar gona ko ta gado, su harkar tambari da haƙƙin mallaka da kwantiragin ciniki suka sa a gaba.

Abinda yafi damuna shine yadda mutanenmu ke ɗauka in sun karɓi satifiket ɗin CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, shikenan sun gama. Wallahi ba haka bane. CAC sunan kasuwancinka ta yiwa rajista, wanda zaka buɗe akawun a banki dashi. Tambarin dake jikin kaya ofishinsa daban yake a Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki da zuba jari ta tarayya, dokarsa ma tun ta 1965 ce. Wani zai iya zuwa can ya yi rajistar sunan da kai ka sha wahala ka tallata, sannan kai ka koma kana kame-kamen hujja.

Kafin ka buga buhu ko ɗaya, ka zaɓi suna biyu ko uku ka kai wa lauya ya bincika maka ko wani ya riga ka. Kar ka ce "Shinkafar Haɗeja" ko "Man Gyaɗa Mai Kyau", sunan gari da sunan da siffanta kaya kawai yake da wuya a baka su kai kaɗai, dan kowa nada haƙƙin faɗarsu. Nemi wanda ya fita daban. Sannan ka faɗa masa duk abinda kake saidawa, saboda kaya rukuni-rukuni ne har 45, shinkafa da yaji suna rukuni na 30, man gyaɗa na 29, zoɓon sha na gora na 32, kuma kowanne rukuni kuɗinsa daban, in kayi na shinkafa kaɗai kar ka zata ya rufe maka mai.

In an shigar za'a fara baka takardar cewa sun karɓa, daga baya ta amincewa, sai a buga tambarin a mujallar ofishin a jira wata biyu ko akwai mai ja. In babu sai satifiket. Abin na ɗaukar lokaci gaskiya, sai kayi haƙuri, amma takardar amincewar nan ka adana ta sosai dan NAFDAC ma kan nemi shaidar tambari. Rajistar farko shekara 7 take yi, bayan nan ana sabuntawa duk shekara 14.

Sai maganar yaron da ya zana maka tambarin a shagon kwamfuta. Yawancinmu a WhatsApp ake gamawa, ka tura masa kuɗi ya turo hoto. To a dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, zanen na wanda ya zana ne sai in an yi yarjejeniyar akasin haka, kuma sallama haƙƙi sai a rubuce. Ko rabin shafi ne ya isa, ya rubuta cewa ya sallama maka zanen gaba ɗaya, ya sa hannu da kwanan wata, shaidu biyu su sa. Haka in wani zai buɗe maka shafin Facebook ko ya haɗa maka manhaja, a buɗe da lambarka da imel ɗinka, faswod yana hannunka tun ranar farko, kar sai kun ɓata ka fara bin sa kana Allah kana Annabi. Lambobin kwastomominka kuma amana ce, akwai dokar kare bayanai ta 2023, kar ka raba su ga kowa.

Yanzu kwantiragi, nan ne ake cutar mutanenmu sosai. Ejan ya zo daga Dawanau ko kun haɗu a kasuwar Maigatari yace kamfaninsu na son riɗi ko zoɓo tirela guda, ya miƙo takarda shafi shida da turanci yace sa hannu Alhaji ai duk abinda muka faɗa ne. Kace masa zaka kwana da ita. Ka kai wa lauya ya karanta maka layi-layi da Hausa, kai kuma ka kasa kunne wajen waɗannan: da sikelin wa za'a auna kuma a gaban wa, ƙasa da tsakuwa da danshi nawa aka yarda dasu kafin a fara zaftare maka kuɗi, wa zai biya mota da 'yan dako, kafin alƙalami nawa ne, cikon kuma wace rana takamaimai, ba wai "in kaya sun isa" ba. In ruwa ya daki kaya a hanya asarar wa? Sannan can ƙarshen takarda inda kowa ya gaji da karatu, nan ake rubuta inda za'a yi shari'a in an samu saɓani, sai kaga an sa Legas, kai da kake Maigatari kuɗin mota da masauki kaɗai sun isa su sa ka haƙura da haƙƙinka. Ka ce a mayar Kano ko Dutse. Addininmu ma ai cewa yayi a rubuta bashi a sa shaidu, ba rashin yarda bane.

In mai sa hannun baya karatun boko, to lallai a rubuta a ƙasa cewa an karanta masa an fassara da Hausa ya gane kafin ya dangwala, da sunan wanda ya fassara.

Wajen zaɓen lauya kuma kar kaji kunya, tambaye shi Barista ka taɓa yin rajistar tambari kuwa? Lauya na gaskiya zaka ga ɗan hatimin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa (NBA) mai ɗauke da sunansa manne a takardar da ya shirya. Kuyi maganar kuɗi tun farko, ya ware maka na gwamnati daban nasa daban, ka karɓi rasit, kuma ka duba da idonka cewa sunanka ko na kamfaninka aka rubuta a matsayin mai tambarin, ba na ejan ko na ɗan uwan da ka aika Abuja ba.